Hutun Illo na Kwana Goma Sha Biyar

Wata ranar kasuwar Madarumfa, a damanar 1954, Illo ya fara ganin Hajara. Ta tsuguna a bakin tabki tana wanke yakuwa daga garkar mahaifinta. Shi kuwa mai awon gyaɗa ne a kantin wani Nasara a Maraɗi, an aiko shi wajen dillalai.

Ya jingine kekensa ya ce, "'Yan mata, yakuwar ta saidawa ce?"

Ta dubi farar rigarsa da alƙalamin da ke aljihu, ta yi murmushi. "Ta saidawa ce, amma ban da masu sikeli. Kun cika ƙwara."

"To, ke auna mini da hannunki, na yarda."

Daga ranar ya zama duk Lahadi yana hanya. Yana kiran ta 'Yar Tabki, tana kiran sa Mai Sikeli.

Da manyansa suka je neman aure, mahaifinta Malam Sule ya girgiza kai. "Yaron kirki ne, amma kwanakinsa na hannun Nasara. In ɗiyata ta kwanta ciwo ranar Talata, sai ta jira Lahadi? Ga girbi ya matso. Ya zo ya yi mako biyu a gonata, in ga mutum ne mai iko da kansa."

A takardar aikin Illo akwai hutun shekara, wanda suke kira konje. Sai dai shekara uku bai taɓa nema ba, don a kantin nan neman hutu abin kunya ne. Babban akawu Abarshi kullum yana alfahari da shekararsa goma sha ɗaya bai yi fashi ba.

Da Illo ya kai masa buƙatarsa, Abarshi ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Konje? Ƙarfinka ya ƙare tun kana saurayi? Je ka tambayi wanda ya nema bara inda yake yanzu."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Illo ya koma kan sikeli.

A can Madarumfa kuwa akwai Mamman, masunci, dogo mai fara'a, wanda shi ma yake son Hajara. Kullum sai ya kai wa Malam Sule kifi.

Wata Lahadi Illo ya iso bakin tabki ya hango Hajara cikin kwalekwalen Mamman. Mamman ya ɗauko mata kwandon albasa daga garka, ya faɗi wata magana, ta tuntsire da dariya. Irin dariyar da Illo ya ɗauka tasa ce shi kaɗai. Ko sallama bai yi ba, ya juya keke ya koma Maraɗi.

Washegari ya rubuta mata wasiƙa da ajami, ya ba wani direba.

"Hajara, na gan ki cikin jirgin Mamman. Ashe dariyarki ta kowa ce. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Bayan kwana uku amsa ta zo, don ta yi karatun allo wajen mahaifinta.

"Mai Sikeli, ka zo har garinmu ka koma ba ka gaishe ni ba? Mamman ya ɗaukar mini kaya don kai ba ka nan. Ni ma an gaya mini Balaraba mai tuwo a ƙofar kantinku, ita ke zaɓa maka nama, har tana kiran ka da sunanka. In ita ta hana ka zuwa, faɗa mini in daina kuka. Baba ya ce ranar Asabar za a fara yankan hatsi. Mamman ya riga ya wasa wuƙarsa."

Illo ya karanta sau uku. Ya miƙe, ya wuce teburin Abarshi, ya ƙwanƙwasa ƙofar Nasara da kansa, takardar aikinsa a hannu.

"Mushe," ya ce, yadda ake kiran Bafaranshe don girmamawa, "haƙƙina nake nema. Kwana goma sha biyar."

Nasaran ya duba takardar. "Zan sa hannu. Amma sikeli ba zai jira ka ba."

"Na ji."

Asabar da hantsi Hajara ta kawo fura gona, ta tarar da Illo cikin hatsi ba riga, Mamman na can gaba ya ba shi rata mai yawa. Ta ajiye ƙwaryar, ta haɗe fuska.

"Balarabar ta sake ka?"

"Haba 'Yar Tabki, matar nan ta haifi kamata! Jikokinta huɗu."

Ta rufe baki tana dariya, sai ta ga tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa. Dariyar ta tsaya.

"Sannu, nawa," ta ce a hankali. "Sha ka fara."

Illo ya karɓi ludayin, yana satar kallon Mamman. "Shi ma za ki ba shi?"

"Zan ba shi, baƙo ne. Kai kuwa ɗan gida ne."

Mamman ya ji. Ya gama yanke layin hatsin da yake kai, ya zo ya miƙa wa Illo hannu. "Ta zaɓa. Ka riƙe ta da kyau."

Kwana goma Illo ya yi yana yanka yana ɗaurin dami. Ranar da aka rufe rumbu, Malam Sule ya kira shi gindin gawo.

"Ba ka iya noma ba, ɗana. Amma ka zo. Na ba ka."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, saura kwana ɗaya hutun ya ƙare. A ranar direban nan ya kawo saƙo: an ba wani ma'aikaci sikelin, Illo kuwa zai koma tsaron sito.

Ya shiga ɗakin amarya da la'asar, ya gaya mata.

Hajara ta ɗaga mayafi ta dube shi. "Ka yi nadama?"

"Ko kaɗan. Baɗi ma zan nema, in kawo ki gida ki ga Innarki."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. A tsakar gida mata suka rangaɗa guɗa, Malam Sule ya ɗaga hannu yana cewa, "Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka." Gida duka ya amsa da amin.