Kwalabe Goma Sha Biyu a Kife

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin wata dattijuwa ta shigo ofishin 'yan sanda, ta tsaya gaban kantar karɓar ƙara, ta ce an sace musu ruwa.

Sajan ya ajiye biro. "Mama, ruwa kuma? Na famfo ko na rijiya?"

"Na tafki."

"Tafkin da na wuce yanzun nan yana cike har baki?"

Sufeto yana ofishinsa na ciki yana shan shayi. Mutum ne da bai cika magana ba, amma kunnensa ba ya hutawa. Ya fito da kofin a hannu, ya jawo wa matar kujera.

Malama ake ce mata. Tsohuwar malamar makaranta ce, kuma ita ce shugabar 'yan sa kai masu kula da tafkin garin. Shekara uku ke nan suna kwashe shara a gaɓa, suna dasa itatuwa a bakin ƙoramun da ke zuba cikinsa, kuma duk Asabar su ɗebi ruwa a wuri goma sha biyu su auna da 'yan kayan gwajinsu. Asabar ɗin da ta wuce ta fita daban. An tafka ruwan sama na farko a shekarar, wanda ke wanko dattin gari gaba ɗaya zuwa tafki, kuma hukumar ruwa ta yarda a karon farko za ta karɓi kwalabensu ta kai babban ɗakin gwaji. Yau motar hukumar za ta zo.

"Da safe na tarar an yanke kwaɗon ɗakinmu," in ji ta. "Babu ko ɗigo a kwalaben. Irin wannan ruwan kuwa, Yallaɓai, sai baɗi."

Ba ta rufe baki ba hayaniya ta kaure a waje. Wasu 'yan ƙungiyar ne suka tiso ƙeyar wani mutum mai riga duk baƙin mai. Bakanike ne, garejinsa na kan tudu, daidai saman ƙoramar da ta fi kowacce datti. Sun ce shi ne, don kowa ya san inda baƙin mansa ke gangarawa. Sun ma ɗaure ƙofar garejin da sarƙa, sun rantse ba zai sake buɗe shi a garin ba.

"Wallahi ban taɓa ƙofarsu ba!" Bakanike ke faɗi. "Mutum bakwai ke ci a garejin nan!"

"Sa shi ciki," Sufeto ya ce wa Sajan. "Ya fi masa waje a yanzu."

Ɗakin ƙungiyar na kwano ne, a bakin ruwa. Sufeto ya tsaya a ƙofa ya daɗe bai shiga ba. Akwai firji ƙarami, batirin sola a gefensa, takalman roba biyar a jere, da littafin rajista a kan tebur. Babu abin da aka taɓa.

"Oga, wannan ɓarawon ba shi da tunani," in ji Sajan. "Ya bar batir ya ɗauki ruwa."

"Ina kwalaben?"

Malama ta nuna bango. Wani katako ne mai dogayen ƙusoshi, kowace ƙusa da kwalba a kife a kanta, daga lamba ɗaya zuwa goma sha biyu, babu wadda ta tsallake 'yar'uwarta. Murafan suna cikin wani kwano daban, su ma a kife.

"Ke kika jera su?"

"A'a, haka na same su."

Sufeto ya zaro ɗaya, ya ɗaga ta ga haske, ya sunsuna. Tas take.

"In kun gama aiki, yaya kuke yi da kwalba?"

"A ɗauraye ta sau uku da ruwan famfo, a kife ta a lambarta, murfi daban. Shi ne darasin farko da nake koya wa duk wanda ya shigo. Wanda ya manta, sai ya sha faɗa."

"Bakanike ya taɓa shan faɗan?"

Malama ta sake duban kwalaben.

A waje Sufeto ya tsugunna a ƙarƙashin ƙofar ya shafa ƙasa da yatsa. Ya miƙe ya yi taku uku zuwa wani faffaɗan dutse da ke ƙarƙashin rumfa. Nan ne garin ƙarfe ya zuba, yana ƙyalli.

"Sajan, in za ka yanke kwaɗo, ina garin zai zuba?"

"Ƙarƙashin ƙofa mana."

"To wannan a kan dutse aka yanke shi, a zaune, hankali kwance. An buɗe da mabuɗi tukuna." Ya juya ga Malama. "Mabuɗi nawa ne?"

"Huɗu. Ni, da sakatare, da mai kula da dashe, da Baban Jirgi."

"Wane ne Baban Jirgi?"

"Shi ke shiga mana tsakiyar tafki. Kwalba shida namu ne na gaɓa da ƙoramu, shida nasa ne na cikin ruwa. Shekara hamsin yana kan ruwan nan, Yallaɓai. Kar ma ka sa shi a zuciyarka."

"Ban sa kowa ba tukuna," in ji Sufeto.

Kafin su koma ofis, wani kurtu ya riga ya caje garejin, ya dawo da abin da yake ta taƙama da shi: kwalbar lemo cike da ruwa mai ɗan duhu, an ɓoye ta bayan tayoyi. Sufeto ya ajiye ta a tebur gaban Bakanike.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan batir ne, ranka ya daɗe."

"Ruwan batir da 'yan ƙwari suna iyo a ciki?"

Bakanike ya kalli kwalbar, ya kalli rufin ɗaki. Sufeto bai ƙara ko kalma ba. Ya gyara zama kawai, kamar mai jiran mota. Sajan ya san wannan shirun, ya ga manyan 'yan taurin kai sun narke a cikinsa.

"To, na ƙorama ne," Bakanike ya ce daga bisani. "Ni na ɗeba ranar Asabar, ƙasa da garejina. Wata huɗu ke nan na haƙa rami na yi masa siminti, ko cokali ɗaya na mai ba ya fita. Amma mutanen nan sun riga sun yanke min hukunci. Sai na ce bari in ajiye nawa, in nasu ya fito da sharri in kai a auna. Ni na fi kowa son a gwada ruwan nan. Shi zai wanke ni."

"Me ya hana ka faɗi tun farko?"

"Ana neman ɓarawon ruwa, a same ni da ruwa a ɓoye?"

Sajan ya yi dariya har da tari.

"Daga garejinka ana hango tafki?" Sufeto ya tambaya.

"Gaba ɗayansa, kamar a tafin hannu."

"Ranar Asabar ka ga jirgin Baba a tsakiya?"

"A tsakiya? Ai ya daina zuwa can. Ya kai shekara. Yana dai shiga bayan dogayen ciyayin nan na kusa da gaɓa ya zauna, ya daɗe, ya fito. Na ɗauka sabon tsarin Malama ne."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Sun sami Baban Jirgi da la'asar a gaɓa, yana kwashe ruwan sama daga kwale-kwalensa da gwangwani. Dogon tsoho ne, hannuwansa kamar saiwar itace. Malama na tsaye nesa kaɗan, ta ƙi tafiya gida.

"Sannu da aiki, Baba."

"Sannunka dai, Yallaɓai. An ce kun kama shi."

"Yana hannunmu. Ni dai aikin nan naku ne ya ba ni sha'awa. Yaya ake ɗebo ruwan ƙasa ba tare da na sama ya shiga ba?"

Fuskar tsohon ta saki. Ya jawo wani kejin ƙarfe mai nauyi a gindi, ya nuna inda kwalba ke zama, da siririn zaren da ake ja toshiyar ta buɗe idan an kai zurfin da ake so. Ya yi bayani tiryan-tiryan, Sufeto yana gyaɗa kai, yana tambaya kamar ɗalibi.

"A tsakiya, mita nawa kake sauke ta?"

"Biyar. Yana cikin rajista, duk Asabar."

"Da wannan igiyar?"

"Da ita. Bara Malama ta saya."

Sufeto ya karɓi igiyar ya fara warwarewa. An yi mata ƙulli a kowace mita. Daga keji zuwa ƙulli na farko ta yi kore, ta yi laushi. Rabin mita gaba kuma launin ya tsaya cak. Sauran fara ce sol, a sandare, har da lanƙwasar da aka naɗo ta daga kanti.

Ya shimfiɗa ta a kan yashi tsakaninsu.

"Rana ce ke busar da ita," in ji Baba.

"Rana mai zaɓe ce ke nan," Sajan ya ce.

"Baba," in ji Sufeto a hankali, "shiga da ni tsakiyar. Yanzu. Ina so in gani da idona."

Tsohon ya dubi ruwan. Iska ba ta kaɗawa, tafkin a kwance yake lumui. Ya ɗauki filafilin tuƙi, ya sa ƙafa ɗaya cikin jirgi. Sai ƙafar ta soma rawa, jirgin ma ya ɗauka. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye ƙafar, ya zauna a kan yashi.

"Ba zan iya ba."

Malama ta matso. "Baba, me kake cewa?"

"Bara, ina can tsakiya, jiri ya ɗebe ni. Na faɗi cikin jirgi, sama na juyawa, ban san inda gabas take ba. Iska ce ta kawo ni gaɓa. Tun ranar, da na wuce ciyayin can sai gabana ya yanke. Ni da na koya wa rabin garin nan iyo." Ya murza idanu da bayan hannu. "Sai in shiga bayan ciyayi in cika shidan a wuri ɗaya. Na ce sati mai zuwa zan warke. Sati ya zama shekara."

"Shi ya sa kake hana kowa raka ka," in ji Malama. "Ka ce nauyi yana hana jirgi tafiya."



"Me ya kai ka ga kwaɗon?" Sufeto ya tambaya.

"Malama ce ta faɗa a taro, cewa injin hukuma yana bambance ruwan ƙasa da na sama, har ya faɗi in wuri ɗaya aka ɗebo. Jiya da rana ana yayyafi, babu kowa a waje, na buɗe na zubar, na yanke kwaɗon don a ce ɓarawo ne. Da nawa kaɗai na yi niyya. Sai na ga in shida ne kawai suka ɓata, kowa zai san na wane ne."

"Ka kuma tsaya ka wanke su."

Baba ya ɗago da mamaki, kamar yanzu ya fara jin labarin. "Na wanke?" Ya dubi hannuwansa. "Ai ba a barin kwalba da datti."

"Namu shidan na gaskiya ne, Baba," in ji Malama. "Cikin taɓo har gwiwa muka ɗebo su. Da ka ce min ba ka iyawa, wa zai yi maka dariya?"

"Ba wanda zai yi. Tausayina za ku ji, shi na guje wa."

"Ka san an rufe wani saboda kai tun safe?" Sufeto ya ce.

"Na sani. Ina nan tsaye suka wuce da shi."

Sajan ya taɓa ankwar da ke ɗamararsa, ya kalli Sufeto. Sufeto ya girgiza kai. Tsohon ya ɗaure jirginsa da kansa, ya ja ƙullin sau biyu, sannan ya shiga tsakaninsu suka hau tudu zuwa ofis.

A ofis an fito da Bakanike, ana miƙa masa wayarsa da bel ɗinsa a kan kantar, daidai lokacin da Baba ke zube nasa kayan aljihun a gefe. 'Yan ƙungiyar da suka kawo shi da safe suna tsaye a ƙofa, kowa ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mabuɗin sarƙar garejin.

Bakanike bai karɓa ba.

"Ku kuka ɗaura da rana tsaka, gari na kallo," ya ce. "Ku za ku kwance, gari na kallo."

Ya juya ga tsohon. Ya daɗe yana dubansa, yana sa bel ɗinsa rami bayan rami.

"Baba, kai ka fito da ƙanena daga ruwan nan yana shekara tara. Ban manta ba." Ya ja numfashi. "Yau ma ba zan manta ba."

Sajan ya buɗe ƙofar ɗakin tsarewa, tsohon ya sunkuya ya shiga. Bakanike ya fita, masu sarƙa suka bi bayansa zuwa tudu.