Mai Tsayuwa a Gefen Hoto

Ƙaurin gasasshen tattasai ya cika tsakar gidan tun hantsi. In kaka ta yi, haka kowane gida yake a ƙauyen nan na gindin dutse: mata a zaune ƙarƙashin rumfar inabi suna ɓare tattasai, ana ɗura shi a kwalabe saboda hunturu, ana taɓa gulma a tsakani. Nevena tana kan 'yar kujera, roba a gabanta, yatsunta sun yi baƙi. Da zafinsa take ɗaukar tattasan, ko yarfe hannu ba ta yi. Tun watan Yuni da cikinta na wata biyar ya zube, zafi da sanyi suka zama ɗaya a wurinta. Ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi ba da ta dawo gida. Tana ci, tana aiki, in an yi mata magana ta amsa, shi ke nan.

Uwar mijinta, Donka, ba ta taɓa tattasai ba ranar. Takarda ce a cinyarta da fensir, tabarau a kan karan hanci. Jibi Lahadi za a ɗauki hoton gida, wanda ake ɗauka kowace shekara kafin ganyen inabi ya gama zuba, kuma Donka takan shirya masa kamar mai aurar da 'yar fari. Ta riga ta aika wa Stamen mai hoto, ta hana a tsinke inabin da ke bakin rumfa, ta kuma yanke hukunci cewa kowa kaya masu ruwan ƙasa zai saka.

"Mama, bana ma wannan kalar?" in ji Rumyana, autarta. "Bara fa kamar buhunan dankali muka fito."

"Ke kika fito kamar buhun dankali, kar ki shafa wa kowa. Ɗauko min wuƙa in fiƙe fensir."

Aka yi dariya, Nevena ma ta motsa baki don kar a ce.

Hoton gidan nan yana da dokarsa, kuma ba Donka ta ƙirƙiro ta ba, tarar da ita ta yi. Tsohuwar gida a kan kujera a tsakiya, 'ya'ya da jikoki kewaye da ita. Matar da aka auro kuwa, muddin ba ta haihu ba, can ƙarshen layi take tsayawa, a bar ɗan fili tsakaninta da mijinta. Ba wanda yake faɗin dalili da ƙarfi, amma bangon falo ya faɗa. Hotuna uku a jere sun fi firam ɗinsu tsukewa, domin ranar da matar farko ta Todor, wan mijin Nevena, ta kwashe kayanta, Donka ta zauna da almakashi ta fitar da ita daga zuri'a. A ɗaya daga cikinsu har yau ana ganin yatsu huɗu a kafaɗar Todor, ba mai su. Riga-kafi ya fi magani, haka Donka takan ce.

Shekara biyar Nevena ta yi a ƙarshen layi. A farkon bazarar bana, da ciki ya fito, Donka ta zana takardar jerin tsayuwa da wuri don murna, ta sa sunan Nevena kusa da kujera, har ta ce a hannunta na dama za a ɗora mata jaririn. Yau da Donka ta tashi duba tukunya, takardar ta zamo ƙasa, Nevena ta ɗauka. An goge sunan, an goge sosai har takardar ta kusa hujewa, an mayar da shi inda yake da. Ta duba, ta karkaɗe ƙasar da ta hau, ta ajiye a kan kujera. Ta jira ta ji zafi a ƙirji, ba ta ji ba.

Kalin, mijinta, ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Direban motar katako ne, mai sanyin hali, kuma yana son matarsa. A kantin magani na birnin Plovdiv ya fara ganinta, ya shiga sayen maganin hawan jinin uwarsa sau uku a mako guda, har ta tambaye shi ko tsohuwar da cokali take sha. Ya aure ta ya kawo ta ƙauye. Amma Kalin irin mazan nan ne da suke ganin in ba a yi faɗa ba to an zauna lafiya. A shekarar farko da ta yi masa maganar filin da ake bari tsakaninsu, cewa ya yi hoto ne kawai, minti biyu ne, ta yi haƙuri da tsohuwa. Ta yi. Ta yi na shekara biyar, tana wanke ƙafafun tsohuwar da ruwan ɗumi in sanyi ya kama su, ba ta taɓa mayar mata da magana ba.

Da ta je gari ranar Asabar sayo murafen kwalabe, sai ta tsinci kanta a tasha tana sayen tikitin bas ɗin Plovdiv na yammacin Lahadi. Na tafiya kawai ta saya. Yayarta tana da ɗakin da ba kowa. Ba fushi ta yi ba, da fushi ne ma da ya fi. Gani ta yi kawai an riga an tanadar mata wurin fita, kuma bai kamata ta bar almakashi yana jira ba. Za ta tsaya a hoton kamar kullum, ta ma ƙara matsawa, don aikin ya zo wa tsohuwa da sauƙi.

Da la'asar Donka ta sa ta goge gilasan hotunan falo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai na can sama, mafi tsufa, mai baƙi da fari. Ƙura ta shiga ta ciki, dole ta buɗe bayan firam ɗin. A tsakiya wata tsohuwa ce mai ɗaure fuska, uwar mijin Donka. A ƙarshen layi kuwa wata siririyar yarinya ce da kallabi, ta runtse ido saboda rana, hannayenta a harɗe kamar mai jiran hukunci. Tsakaninta da saurayin da ke kusa da ita an ja layi da fensir, daga sama har ƙasa, a miƙe, irin wanda tela yake ja kafin ya sa almakashi. Sai da Nevena ta kai hoton bakin taga ta gane hancin. Donka ce. Ta goge gilashin, ta mayar da komai yadda yake, ba ta faɗa wa kowa ba.

Da safiyar Lahadi tana goge wa Kalin rigarsa, shi kuma yana neman safa, sai ya ga tikitin a kan tebur. Ba ta ɓoye shi ba, ba ta da ƙarfin ɓoyo. Ya tambaya ko yayarta ce ba lafiya, ta ce lafiyarta ƙalau. Ya tambaya yaushe za ta dawo, ta juya rigar ta ci gaba da guga.

"Nevena, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, Kalin. Shekara biyar ke nan ba ka yi komai ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, da muryar mai faɗin ƙarfe nawa ta faɗa, kuma wannan ne ya tsorata shi. Ya fara cewa ai hoto ne kawai, bai ƙarasa ba. Ta miƙa masa rigar da ɗuminta. Ya fita, ta ji takunsa ya tsaya a falo, ya daɗe a can, har aka fara kaɗa ƙararrawar coci.

Bayan an taso daga coci gida ya cika. Todor ya zo da sabuwar matarsa da tagwayensu, ita ta daɗe da samun wurinta a tsakiya. Stamen mai hoto ya kafa kyamararsa, tsoho ne da ya gaji sana'ar wurin ubansa, kuma ba wanda bakinsa yake bari. Ya ce wa Todor ya haɗiye tumbinsa, ya ce wa Rumyana ta daina turo baki kamar agwagwa. Donka ta zauna a kujerarta da takarda a hannu tana kiran suna, kowa yana kama wurinsa. Nevena ba ta jira an kira ta ba. Ta wuce ƙarshen layi, inda inuwar rumfa take ƙarewa, rana tana dukan ido, ta ƙara taku ɗaya gefe.

Stamen ya ɗaga hannu ya fara ƙirga. Yana cewa biyu Kalin ya fita daga wurinsa. Ya zagaya ta bayan matarsa ya tsaya a ɗaya gefenta, ya zama shi ne ƙarshen layi, ya zura hannunsa ya riƙe kafaɗarta.

"Kalin, ba nan ne wurinka ba," in ji Donka. "Dawo kusa da yayanka."

"Nan ne, Mama."

"Ina magana kana magana?"

"Ki yi haƙuri, Mama." Tun da aka haife shi bai taɓa ja da ita ba. "Na tsaya na kalli yatsun nan na kafaɗar Todor yau da safe. In ranar yanka ta zo, almakashin ya bi ta kaina. Mu biyu za ki cire."

Todor ya sunkuyar da kai, matarsa ta jawo tagwaye jikinta. Rumyana ta buɗe baki, ta ga fuskar uwarta, ta rufe. Nevena tana jin nauyin hannun a kafaɗarta kamar a kafaɗar wata yake. Abin da ya zo mata a rai kawai shi ne bas ɗin ƙarfe huɗu yake tashi.

Donka ta daɗe tana kallonsu. Ba ɗanta take kallo ba, matarsa take kallo, yadda ta runtse ido saboda rana, hannaye a harɗe. Can ta ninke takardar ta tura a aljihu, ta dafa gwiwa ta miƙe. Todor ya yi saurin kama kujerar, ta buge hannunsa. Da kanta ta ja ta, ƙafafun suna ƙara a kan siminti, ta wuce 'ya'ya, ta wuce jikoki, ta dire ta a gaban Nevena ta zauna tana haki.

"Shekara bakwai na yi a wurin nan," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Rana ce take cin ido, na sani. Ni ba wanda ya zagayo." Ta miƙa hannu baya tana lalube har ta kama na Nevena, ta ɗora shi a kafaɗarta ta danne da nata. "To, me kuke jira? Ku matso nan. Sai na aika muku da takarda?"

"Donka, shekara talatin ina kafa kyamara a wuri ɗaya," in ji Stamen, yana cicciɓar ƙafafun kyamarar. "Yau kin sa ni ƙaura da tsufana."

"Ƙaura, ko ka rage ƙiba."

Mutane suka taso suka kewaye kujerar, Stamen ya juya kyamara, ƙarshen layi ya koma tsakiya. Tafin hannun tsohuwar yana da kaushi da ɗumi, kuma ɗumin ne abu na farko da Nevena ta ji ya ratsa ta tun watan Yuni. Ya bi ta hannu ya hau ƙirji. Kukan da ta kasa yi a asibiti ya zo gaba ɗaya, na jaririn da ba ta rungume ba, da na shekara biyar, har kafaɗunta suna girgiza. Rumyana ta ce a dakata ta wanke fuska.

"Ba za a dakata ba," in ji Donka, ita ma muryarta ta dishe. "Ɗauka haka, Stamen."

Bas ɗin ƙarfe huɗu ya tashi da kujera ɗaya ba kowa. Har yau Allah bai ba Nevena haihuwa ba, kuma ba wanda ya san abin da gobe za ta kawo, amma ba a sake jan fensir a gidan nan ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, gaskiya ne, Nevena ta sha. Sai dai dutse ba ya dahuwa in ba a hura masa wuta ba, kuma mijin da ya ga ana ture matarsa ya yi shiru don a zauna lafiya, shi ne yake wasa almakashin. Uwar miji kuma ta tuna ita ma baƙuwa ta zo, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Hoton yana nan a falo. Shi ne mafi muni a bangon: rabin mutane sun runtse ido, Todor ya manta bai haɗiye tumbi ba, fuskar Nevena a kumbure. Donka ba ta yarda kowa ya goge gilashinsa sai ita, kuma ya cika firam ɗinsa daga wannan gefe zuwa wancan.