Ledar da Dogo Ya Ƙi Ratayawa

Mama na kwance a doguwar kujerar falo, ta miƙe hannu a kan filo. Auta, ƙaramar 'yarta, na riƙe da yatsunta, Dogo kuwa ya durƙusa yana laluben jijiya.

Dogo nas ne, kuma shi zai auri Auta. A shagon gyaran jiki na Yaya Babba yake aiki, wato yayar Auta, inda mata ke layi a yi musu ƙarin ruwan bitamin C, wai fata ta yi haske, gajiya ta gudu. Tun da Mama ta fara kasala Yaya ta ce ba wani asibiti, ga magani a gida! Da an gama ɗura wa Mama ledar ruwan sai Yaya ta haska mata fitilar ɗaukar hoto, ta ɗauka, ta tura wa dangi, "Ku ga yadda ta murmure!" Kowa fuska yake kallo.

Ranar sai bargo ya zame daga ƙafar Mama. Dogo ya danna yatsa a idon sawunta, wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa.

"Mama, yaushe ƙafar nan ta kumbura haka? Fitsari fa, kina yi sosai?"

Mama ta ja mayafi ta rufe baki. "Kai ɗan nan! Surukarka kake wa wannan tambayar?"

"Ki gafarce ni Mama. Ina tsoron ƙoda ce. In ita ce, ruwan nan cuta zai ƙara miki. Ba zan rataya ba sai likita ya gan ki."

"Iyye! Sannu likita bokan Turai!" Yaya ta tafa hannu. "Kwastomomi nawa ka sa wa, wace ce ta mutu? So kake a ce kayan shagona ne ke kumbura mutane? Ka rataya ledar nan, ko ka bar min shago ka bar min ƙanwa!"

Tun rasuwar Baba maganar Yaya ce doka a gidan. Dogo ya miƙe zai fita, Auta ta bi shi har bakin ƙofa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Don Allah ta yau kawai, Dogo. Gobe sai mu lallaɓa ta..."

"In na sa don kar in rasa ki, da wane ido zan kalle ki in abu ya faru?"

Ya tafi. Yaya ta kira wata daga shago ta zo ta rataya.

Auta ta yi kuka, ta yi roƙo, ta kai ƙara wurin Kawu. Kawu ya duba hoto a waya ya ce, "Ke soyayya ce ke damun ki, ga uwarki nan tas!" Aka ƙwace mata waya. Ledoji suka ci gaba da shigowa, Mama kuma abinci ya daina zama a cikinta.

Sai da ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki sannan aka kwashe ta zuwa asibiti. Likita ya ce ƙodar ta daɗe da ciwo, an makara ƙwarai, sai dai wankin ƙoda. Da ya ji abin da ake ɗura mata, sai ya girgiza kai.

Duk ranar wanki Dogo na bakin asibiti. Shi ke ciccibar Mama daga mota zuwa keken marasa lafiya. Yaya ko gaisuwarsa ba ta amsawa, cewa take bakinsa ne ya kama uwarsu.

Wata rana Mama ta riƙe rigarsa, muryarta da ƙyar take fita. "Ɗana, ka tambaye ni na ji kunya. Ka riƙe min Auta." Ta juya ga Yaya. "Ke kuma kin ji."

An yi auren, amma babu Mama, ta rasu kafin ranar. Yaya ma ba ta je ba, kuma har yau shagonta cike yake.

Haƙuri ya ba Auta da Dogo juna, sai dai bai dawo musu da uwa ba. 'Yan'uwa, mai ƙaunarka na gaskiya shi ne wanda zai iya ce maka a'a ko da zai rasa ka. In kun same shi, ku saurare shi tun da sauran lokaci.