Muryar Da Baba Ya Ce A Goge

"Ɗauke hannunka daga na'urar nan, Lirwanu!"

Ko sallama ban yi ba na faɗa shagon. Yatsansa na kan jan maɓallin, ɗan allon na'urar yana tambayarsa ko ya tabbata zai goge.

"Zinatu..."

"Na ce ka ɗauke!"

Ya janye hannun a hankali, ya kasa haɗa ido da ni.

Sutudiyo mutanen Anka ke kiran wurin, ni dai ɗaki na gani da aka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai. Dukiyarsa kaf na'urar ɗaukar murya ce mai layi takwas, kowane layi da abin da aka zuba masa: kalangu daban, fiyano daban, muryar Lirwanu daban. Tawa tana layi na huɗu. Ana iya goge layi ɗaya a bar sauran, kamar a cire albasa daga miya.

Waƙar gubar dalma muka yi, don iyaye mata su daina bari ana niƙa dutsen zinari cikin gida. Ni na tsara baitina, saboda ƙanena Jibo da muka binne a Sunke shekarar da gubar ta kwashe yara. Bayan rasuwarsa muka dawo Anka.

Waƙar ba ta ma fita ba Rahina, ɗiyar gwaggona, ta kai wa Baba labari. Ita da ta daɗe tana yi wa Lirwanu kwalliya yana kallon bango! Har ta ƙara gishiri, wai ina rawa cikin maza.

"Masoyiyata, ki saurare ni," in ji Lirwanu. "Baba ya ce in ba a goge muryakki ba, kar magabatana su taka ƙohwar gidanku. Mi kika so in yi? Waƙa ta hwa, ana sake wata. Ke hwa?"

"Kai ka sake wata. Ni Jibo guda gare ni."

"Wallahi ba ni iya rasa ki, Zina..."

Zuciyata ta karye, don ina son shi, son da ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma na share hawayena da bakin mayafi.

"In kag goge ta da hannunka, ka rasa ni ke nan. Baba yac ce a goge? To Baba shi zaka shi goge."

A gida na tarar da Baba zaune a zaure yana gyaran fartanya. Na durƙusa.

"Baba, ba ni musu da kai. Abu guda nika roƙo. Ka tahi ka danna da hannunka."

"Don mi?"

"In Lirwanu yad danna, ba ni iya kallon shi matsayin miji. Kai ko ubana na, komi ka yi min sai in haƙura."

Ya ajiye fartanyar.

"Taurin kan Innarki kika ɗauko," ya ce. "Gobe da hantsi."

Da hantsin kuwa sai ga mu. Baba ya shiga yana yamutsa fuska, ya ƙi kujerar da aka miƙa masa. Lirwanu ya durƙusa ya gaishe shi, gumi har wuya.

"Baba, bari in kashe sauran layukkan, ka ji wanda za ka gogewa. Abin da anka goge ba shi dawowa, kar a yi kuskure."

"Yi maza, ina da aiki."

Lirwanu ya kashe kalangu. Ya kashe fiyano. Ya kashe tasa muryar.

Sai tawa ta fito ita kaɗai, har numfashina ana ji.

*"Jibo na wasa gindin turmi,*
*ƙura yas sha, ba mu sani ba.*
*Wanda yak kawo dutsen gida*
*abinci yaka nema muna, ba shi sani ba..."*

Ni kaina ban taɓa jin ta haka tsirara ba. Na sunkuyar da kai, don Baba ne ya riƙa kawo duwatsun nan gida a buhu.

Ya laluba kujerar da ya ƙi, ya zauna.

"Sake."

Lirwanu ya sake. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Sai na ga ya miƙa yatsa wajen na'urar.

"Wane layi na kiɗan?"

"Na ɗaya da na biyu, Baba."

"Su za a goge. Hayaniya ta, tana ruhe magana."

"Baba, kiɗan nan sai da..."

Na harari Lirwanu. Ya haɗiye sauran maganar, ya nuna wa Baba maɓallin. Baba ya danna, allon ya tambaya, ya sake dannawa. Kalangu ya tafi, fiyano ya bi shi.

"Na ukku hwa?"

"Muryata ta, Baba."

"Ita ma. Allah bai ba ka murya ba, yaro, kar ka matsa ma kanka."

Dariya ta ƙwace min cikin kuka. Lirwanu ya dube ni, ya danna da kansa yana murmushi, ko a jikinsa.

Baba ya miƙe ya mayar da hularsa.

"Ba ka taɓa na huɗu. Rahina ko, ni da uwatta na. Ka ce ma baffanninka su zaka ran Juma'a bayan masallaci."

"Baba!" Na faɗi a gabansa ina godiya, Lirwanu ma ya zube gefena.

Bai kula mu ba. Ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya, ya zaro 'yar wayarsa daga aljihu ya miƙo ba tare da ya juyo ba.

"Sa min waƙar Jibo ciki."

Tun ranar da muka binne shi, ban ƙara jin sunan nan a bakin Baba ba sai yau.