Ranar Da Tsawa Ya Kashe Dafi

Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta gyara labule, ta goge talabijin, ta koma ta sake gogewa. A yammacin nan ne Dogo, mai gyaran waya da ke neman aurenta, zai fara zama da iyalinta su kalli shirin da ba ya wuce su: labarin Tsawa, jarumi mai tashi sama, da abokin gabarsa Dafi, wanda ya ƙone rabin gari.

Akwai abin da ba ta gaya wa Dogo ba. Yayanta, mai waldar ƙofofi da ke zaune shiru a kusurwa, ya yi shekaru a kurkuku saboda fashi kafin ya shiryu.

Da shirin ya kai inda Tsawa ya ritsa Dafi a kan bene, ya kuma miƙa shi ga 'yan sanda, sai Dogo ya buga cinya.

"Baba, wannan jarumin rago ne. A guruf ɗinmu na hira a waya kowa ya yarda, mugu ba ya canzawa. A gama da shi a huta."

"In ya kashe shi, me ya bambanta su?" Mama ta tambaya a hankali.

Auta ta taka wa Dogo ƙafa don ya yi shiru, ya ɗauka wasa ne.

"Mama, duk wanda ya taɓa shiga gidan mutane da makami, kabari ne maganinsa."

Yaya ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita. Baba ya danna rimot ya kashe talabijin.

"Yaro, wanda ka yanke wa hukunci shi ne ya fita yanzu. Ba zan ba da 'yata ga mai yi wa ɗana kallon gawa ba."

Auta ta shafe makonni tana kuka, tana zarya tsakanin taga da waya.

"Me ya hana ki faɗa mini?" Dogo ya tambaye ta.

"Tsoro na ji kada ka gudu."

"To ga shi bakina ya kore ni."

Bai gudu ba. Ya tafi shagon Yaya ya tsaya a bakin ƙofa. Yaya bai ɗago ba.

"Riƙe mini ƙarfen nan, alƙali."

Kullum Dogo ya rufe shagonsa sai ya zo ya riƙe masa ƙarfe, har tartsatsi ya huhhuda masa hannun riga. A nan ya ga yadda mutane ke damƙa wa Yaya makullan gidajensu, su tafi aiki hankali kwance.

Ranar kashi na ƙarshe na shirin, Yaya da kansa ya shigo da shi. Auta ta maƙale a bayan kujerar Mama. Dafi, wanda ya tsere daga hannun 'yan sanda, ya durƙusa yana roƙo, Tsawa ya kashe shi. Maƙwabta suka ɗauki shewa ta bayan bango, wayar Dogo ta shiga ƙara da saƙonnin murna. Ya kifa ta a ƙasa.

"Ya yi gaggawa," Dogo ya ce. "Da ya bar shi, wataƙila da ya koyi yin ƙofa."

Yaya ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba a ɗakin.

"Baba, a ba shi ita. Hannunsa bai iya walda ba, amma kansa ya gyaru."

Baba ya dubi hawayen Auta, ya gyaɗa kai.

Haƙuri ya mayar wa Dogo abin da harshe ya ƙwace masa. Kafin mutum ya ce wani ba zai shiryu ba, ya fara duba wanda ke zaune kusa da shi.