Wayar Kulu

Ana kiran sallar magariba Mubarak, mai gyaran kwamfuta daga Yelwa, bai gama da ofishin masu jiragen ruwa na Warra ba. Tsohuwar manhajar ajiyar bayanansu ta ƙi buɗewa, sai cewa take yi wani na riƙe da fayil ɗin. Ya kashe sauran kwamfutocin duk, fayil ɗin bai saku ba.

"Alhaji, kwamfutar da ta riƙe shi sunanta Kulu," in ji shi.

Alhaji Sallau, shugaban ofishin, ya haɗe rai. "Kulu ta rasu. Ita ta lalata muna shi bara, na kore ta. A ranar ne kwalekwalensu ya kife."

"Ba kashe janareta aka yi tana cikin aiki ba? Haka ke lalata irin wannan fayil," in ji Mubarak.

Alhaji ya kau da kai.

Mubarak ya bi wayar sadarwar da hannu ta gindin bango. Tana jiƙe, tana warin laka. Ta shige ƙarƙashin ƙofar sito, inda ruwa ke tsattsafowa. Ya tura.

Kwamfutar ba ta jone da wuta, amma tana ci. Mace ce zaune gabanta, gyalenta na ɗiga, yatsunta sun yi fari sun kumbura. Ba ta juyo ba. Muryarta kamar daga cikin randa.

"Ba da kai nike ba, malam. Turo min Alhaji. Ya zo ya kashe da hannunsa, yadda ya saba."