Ruwan Baba Tobiya

Ƙarfe tara na safe Madam Patricia ta shigo ofishin Sufeto Muntasir, takalminta na hagu a ƙafar dama. Tana da ƙaramin wurin ninƙaya a Nukkai, inda masu shanyewar ɓarin jiki ke motsa gaɓoɓinsu. Likita ya ce kada ruwan ya yi ƙasa da digiri talatin da biyu. Yau Baba Tobiya, tsohon hedimasta, ya shiga, sanyi ya ƙage masa jijiyoyi, da ƙyar aka ciro shi. Yana asibiti, 'ya'yansa kuma sun rantse sai an rufe wurin, an ɗaure ta.

"Oga, wani ya cire hita na. Ni ba na wasa da rai na mutum."

Sufeto ya je ya tsoma ma'aunin zafi: ashirin da huɗu. Ɗakin injin kuwa ba a fasa kwadonsa ba, an kwance ƙarfen da ke ɗumama ruwan a tsanake, har an jera notunan a gefe. Ɓarawo mai jera notuna, ai wannan ɗan gida ne.

Nelson mai gadi ya ce bai gusa daga ƙofa ba. Da aka matsa, sai ga shi kullum da yamma yana wajen koyon waƙar coci. Salihu mai kula da ruwa ya ce makullinsa ya ɓata tun makon jiya. Yana magana yana ɓoye hannu a aljihu.

"Fito da hannun," in ji Sufeto.

Ƙuna ce a tafin, nannaɗe kamar zanen ƙarfen hita. Ya ce salansar babur ce.

Da la'asar Sufeto ya ɗauki kofur ɗinsa, ya bi Salihu gidansa a unguwar Kachalla Sembe. Tun a zaure maƙwabciya ta tare shi da ƙorafi: kwana huɗu ke nan fis ɗin lantarki yana ƙonewa safe da yamma. A tsakar gida ga duro cike da ruwa yana tururi, ga ƙarfen a ciki, ga ganyen darbejiya a gefe.

Salihu ya durƙusa. Matarsa Furera ta haihu, haihuwar fari, wankan jego ya cinye itacen gidan kaf.

"Ranka ya daɗe, a zafin Jalingo wa ke dafa ruwan ninƙaya? Na ɗauka iyayi ne kawai. Wallahi ban san ruwan sanyi yana kayar da mutum ba. Baba ya farfaɗo?"

Sufeto ya ce ya farfaɗo. Tausayin mutumin ya kama shi, amma Madam Patricia ba ta ci zalin kowa ba, ba za ta ɗauki laifin wani ba.

Kofur ya miƙa hannu zai zare wayar hita. Furera tana bakin ƙofa da jariri.

"Bari ya tafasa tukuna," in ji Sufeto.

Suka tsaya su uku suna jiran ruwa. Sai da Salihu ya juye shi a bokiti, ya kai mata banɗaki, sannan ya miƙo hannuwansa.